Me ya sa daddawata ta ƙi, alhali ta Inna ba ta taɓa ƙi ba?

Maman Sadiƙ, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo shi nan tunda akwai masana a cikinmu. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta yi sama da shekara talatin tana daddawa a cikin birni. Da kuɗin daddawa ta yi mana kayan ɗaki mu huɗu. Tun ina ƙarama nake zama gefenta, na san kowane mataki kamar yunwar cikina. Bara ta rasu, bana na ce zan ci gaba da sana'ar.

Na sayo kalwa tiya biyu a kasuwar Sabon Gari. Na ɗora ta bayan la'asar, ta kwana a wuta, da asuba na sussuke ta a turmi, na wanke har ɓawon ya fita tas, na sake dafawa har ta yi laushin da in ka matsa da yatsa biyu za ta narke. Duk yadda Inna take yi. Abu ɗaya na sauya. Ita a wani tsohon kwando take zubawa, wanda ya yi baƙi ƙirin don tsufa, ta shimfiɗa ganye, ta rufe da buhu, ta kai lungun murhu. Ni da na dubi kwandon sai na ga kamar ƙazanta ce, na sayi sabon bokitin roba mai murfi, na wanke shi da sabulu da ruwan zafi, na zuba na rufe ruf.

Kwana uku da na buɗe, ruwa ya kwanta a ƙasa, warin da ya bugo ni kuma ba warin daddawa ba ne, warin mushe ne. Na zubar. Karo na biyu na bar murfin a buɗe kaɗan, sai funfuna ta rufe saman. Gwaggona ta ce kada in wahalar da kaina, daddawa hannu ce, ni ban gaji hannun Inna ba. Maganar ta tsaya mini a rai sosai. Don Allah, da gaske akwai hannu, ko akwai abin da na yi ba daidai ba?

Hajiya ta Kwarbai:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta. 'Yata, kada ki raina maganar gwaggonki. Mu da muka girma a cikin wannan aiki mun ga abin da idonmu. Mata biyu a gida ɗaya, kalwa ɗaya, murhu ɗaya, ta wannan ta yi danƙo ta yi ƙamshi, ta waccan ta lalace. Haka ma gasarar koko, wata in ta jiƙa gero tsaminsa mai daɗi, wata kuma sai ya yi bashi. Amma ki gaya mini, ina kwandon yake yanzu? Allah ya sa ba ki yar da shi ba.

Maman Sadiƙ, Tudun Wada:
Amin Hajiya, na gode. Yana nan a rataye a ɗakin girki, ban iya rabuwa da shi ba.

Ɗan Samaru:
Allah ya gafarta wa Inna. Anti, ni ɗalibi ne a fannin nazarin ƙananan halittu a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma abin da kika faɗa shi ne ainihin abin da muke karantawa. Ina ganin hannunki lafiya lau yake. Gidan da kika ba ƙananan halittun da ke yin daddawar ne bai yi musu ba.

Ba wuta ce ke mayar da kalwa daddawa ba. Wasu halittu ne da ido ba ya gani, bakteriya, kuma shugabansu a wannan aiki sunansa Bacillus subtilis. Shi wannan yana da wata baiwa: in ya ji wuya sai ya dunƙule ya shiga ƙwanso, kamar yadda ƙwayar ciyawa ke kwana a ƙasa duk rani tana jiran damina. A cikin ƙwanson nan tafasa ba ta cika kashe shi ba, bushewa ma haka. To kin ga dogon dahuwar da ake yi wa kalwa tana share yawancin sauran halittun, sai fili ya zama na wanda ya jure wuta. Da kalwar ta fara hucewa sai ya farka ya hau cin furotin ɗin da ke cikinta. Yana ci yana fitar da ammoniya, ita ce warin nan mai shiga hanci da kowa ya sani. Ammoniya kuma tana karkatar da kalwar zuwa ɓangaren kanwa da toka, ma'aunin tsami da kanwa da ake kira pH ya hau wajen 8, wanda yawancin masu son tsami ba sa iya zama a ciki. Danƙon nan mai zare-zare da ake gani in an ɗaga daddawa da ta nuna, shi ma shi ke yin sa.

Abu uku yake so: ɗumi kusa da zafin jikin mutum, danshi ba tare da ruwa ya kwanta ba, da iska. Kwandon Inna ya ba shi duka ukun. Ruwa na tsiyayewa ta ƙasa, iska na shiga ta saƙar, buhu da lungun murhu na riƙe ɗumi. Bokitin roba mai murfi ya hana iska ya tara ruwa, sai ya zama gidan wasu daban, masu rayuwa inda babu iska, su ne masu warin mushe. Karo na biyu da kika buɗe, mai yiwuwa saman ya huce da wuri, musamman in a sanyin hunturu kika yi, Bacillus ya yi nawa, funfuna ta riga shi.

Wani masani ɗan ƙasar Holan, Baas Becking, ya taƙaita wannan tun 1934, cewa komai yana ko'ina, amma muhalli ne ke zaɓa. Iri yana nan a iska, a ƙura, a jikin kalwar kanta. Ƙurar hunturu da ke taso mana daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ma tana tafe da nata. Abin da ya rage miki shi ne ki gyara wurin, waɗanda suka dace za su zauna.

Malam na Gyallesu:
Tsaya ɗan samari. Kana nufin duk shekarun nan ƙwayoyin cuta muke zubawa a miyar kuka muna ci da iyalanmu? Ka yi mana bayani yadda hankali zai kwanta, don akwai mata a nan da wannan ce sana'arsu.

Ɗan Samaru:
Allah ya gafarta Malam, a nan harshenmu ya ɗan yi mana ƙaranci. Da yake a asibiti muka fara jin labarinsu, sai muka yi musu kuɗin goro muka kira su duka ƙwayoyin cuta. Masu sa cuta kaɗan ne ƙwarai a cikinsu. Nono da kindirmo, koko, kunun zaki, burodi, duk aikinsu ne. Jikin Malam kansa gari ne guda. Wani lissafi da aka wallafa a 2016 ya kiyasta cewa babban mutum yana ɗauke da bakteriya wajen tiriliyan 38, ƙwayoyin jikinsa na kansa kuma wajen tiriliyan 30, kuma yawancinsu a babban hanji suke zaune lafiya da mu. Shi ya sa na fi so a ce ƙananan halittu, a bar sunan ƙwayar cuta ga wadda ta sa cuta.

Malam na Gyallesu:
Subhanallah. Wannan ya shiga. Allah ya ƙara sani.

Likitan Dabbobi, Shika:
Allah ya jiƙan mahaifiyarki, Maman Sadiƙ. Ƙanena na Samaru ya yi bayani mai kyau, amma ban yarda da rabin maganarsa ba, kuma rabin nan shi ne inda Hajiya ta Kwarbai take da gaskiya.

Ba komai ne yake ko'ina ba. Zan ba da misali daga aikina. Tumbin saniya cike yake da halittu masu narkar mata da ciyawa, ita kanta ba ta iya narkar da harawa ba sai da su. Cikinsu akwai wasu manya-manya, masu gashi a jiki suna iyo, da ake kira furotozowa. Ɗan maraƙi ba a haifarsa da su. Daga uwarsa yake samu, in tana lasarsa, ko ya ci inda ta zubar da yawun tuƙa. In aka raba shi da sauran dabbobi tun ranar haihuwa, zai girma tumbinsa ya yi kyau, abinci ya wadata, muhalli ya dace sarai, amma waɗannan halittu ba za su zo ba, don babu hanyar da za su bi. Muhalli ba ya zaɓar wanda bai halarci wurin ba.

Sannan akwai maganar wanda ya riga zuwa. A yanayi mai kyau wasu bakteriya suna rubanya kansu cikin minti 20. Wanda ya shigo da yawa tun farko, kafin baƙo ya gama sallama ya cinye abincin, ya sauya wurin zuwa yadda shi yake so. Kwandon da ya shekara da shekaru ana zuba daddawa a ciki, kowane lungu na saƙarsa maƙare yake da ƙwanson Bacillus, kuma ba kowane ba, zuriyar nan da ta yi ta cin nasara a gidan Inna karo bayan karo. Ita ma Bafulatana ai haka take yi. Ba ta jiran iska ta kawo mata mai tsamar da madara, ragowar nonon jiya take ɗigawa, ko ta zuba a ƙwaryar da ta saba. Masu tsami su yi yawa tun farko, madara ta sauko daga pH wajen 6.6 zuwa wajen 4.6, a nan take kamawa ta yi kauri, masu ɓata ta kuma su rasa wurin zama.

Don haka in gwaggo ta ce hannu, ni ba na jin ta a matsayin camfi. Hannu ya haɗa da kwando, da buhu, da lungun da ake ajiyewa, da fatar hannun ma kanta, da sanin lokacin da ake juye kalwa tana da sauran zafi. Inda na saɓa da gwaggo shi ne cewa ba ki gaje shi ba. Kin gada, ga shi can a rataye a ɗakin girki.

Ɗan Samaru:
Dakta, ranka ya daɗe, na karɓi misalin maraƙi, ban taɓa duba shi ta nan ba. Amma a bar ni in kare ɓangarena kaɗan. Ko da Anti ta kankare kwandon Inna gaba ɗaya ta zuba a bokitin nan, ta rufe ruf ruwa ya kwanta, daddawar ba za ta yi ba. Iri mai kyau a gonar da ba ta dace ba asara ne. Kuma masu ƙwanso ba kamar furotozowan tumbi ba ne, su suna jure tafiya, shi ya sa ake samun su a ƙasa ko'ina. A 2006 an gwada ƙasa daga wurare 98 a nahiyoyin Amurka ta Arewa da ta Kudu, aka ga abin da ya fi bayyana irin bakteriyar da ke wuri shi ne tsamin ƙasar, ba nisan wurin ko zafinsa ba. Wurare biyu masu nisa da juna in tsaminsu ɗaya ne sai mazaunansu su yi kama.

Likitan Dabbobi, Shika:
Ban musa ba. Ni ma ina ganin ƙarfin muhalli duk shekara in Babbar Sallah ta matso. Mutum ya sayi rago da ya saba da ciyawa da harawa, yana so ya yi ƙiba cikin sati biyu, sai ya cika masa gaba da masara da dusa. Halittun tumbin ba su sauya daga waje ba, amma masu son sitaci irin su Streptococcus bovis, da suke 'yan kaɗan, sai su yi ambaliya cikin sa'o'i, su cika tumbin da tsami, masu narkar da ciyawa su mutu. Rago ya daina tuƙa, ciki ya kumbura, zawo, wani ya kwanta ke nan. Shi ya sa muke roƙon masu kiwo su riƙa ƙara hatsi kaɗan-kaɗan cikin sati biyu zuwa uku. To amma ka san ɗaya daga cikin magungunan da muke yi wa wanda ya tsira? Mu samo ruwan tumbin lafiyayyar dabba daga mayanka mu ɗura masa. Gyara abinci kawai ba ya dawo da waɗanda suka mutu da wuri, sai an kawo su.

Ɗan Marini:
Salamu alaikum. Ina karanta wa Baba wannan muhawara yana zaune kusa da ni, ya ce in rubuta muku nasa. Shi marini ne, a karofi ya tashi, ko da yake yanzu ƙarfi ya ƙare kuma yawancin ramukan an cike su.

Ya ce baba rai gare shi. In an zuba ruwa a rami, aka sa baba da toka, ba a rini a ranar. Kullum sai an motsa da dogon sanda, ana jira, har ranar da kumfa zai taso a sama mai sheƙi kamar wuyan tattabara, wari ya sauya. A nan suke cewa ya nuna. In ka tsoma farin ƙyalle zai fito kore-kore, kana riƙe da shi a iska kana kallo yana komawa shuɗi. Ya ce sabon rami kullum ya fi tsohon rami nawa, kuma in na wani ya ƙi tashi, yakan roƙi maƙwabcinsa ya ɗebo masa daga nasa mai aiki ya zuba. In toka ta yi kaɗan rami ya ruɓe ya yi ɗoyi, in sanyi ya yi yawa ya yi barci. Yana tambaya, shin wannan ma aikin halittun nan ne? Ya ce shekara hamsin yana ciyar da abin da bai san sunansa ba.

Ɗan Samaru:
A gaishe da Baba da kyau. Ƙwarai aikinsu ne. Shuɗin baba ba ya narkewa a ruwa, don haka ba ya kama zare. Wasu bakteriya masu son ruwan toka mai ƙarfi, wanda zai kashe yawancin halittu, su ne ke cinye iskar da ke cikin ramin, sannan su juya shuɗin zuwa wani nau'i mai narkewa. Shi ne kore-koren da Baba yake gani. Da ƙyallen ya sha iska sai ya koma asalinsa a cikin zaren, ya kama. Tokar ita ce mai gadin ƙofa, ita ke hana masu ruɓarwa shiga. Abin da ake yi a Ƙofar Mata a Kano har yau ke nan. Kuma ga shi Baba ya raba mana gardama ni da Dakta: ya ambaci toka da sanyi, ya kuma ambaci ɗebowa daga ramin maƙwabci.

Anti Nas, Wusasa:
Na daɗe ina bin ku shiru, amma tunda an zo maganar uwa da ɗa bari in sa baki, don a ɗakin haihuwa na yi yawancin aikina.

Cikin jariri ma sabon kwando ne. Baƙinsa na farko daga jikin uwa suke zuwa lokacin haihuwa, shi ya sa wanda aka haifa ta hanyar da aka saba da wanda aka ciro ta tiyata suke bambanta a watannin farko, ko da yake bambancin yana raguwa in suna girma. Kada wata ta ji wannan ta ƙi tiyata in likita ya ce a yi, rai ake ceta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne nonon uwa. Akwai wasu nau'in sukari a cikinsa da jaririn ba ya iya narkarwa sam. Ba don shi aka yi su ba, abincin wata bakteriya ce mai suna Bifidobacterium. Uwa tana shayar da ɗanta, tana kuma ciyar da masu tsaron cikinsa, su cika wurin su sa shi ɗan tsami, masu kawo gudawa su rasa masauki. Wannan yana cikin dalilan da suka sa muke nacewa a kan nono zalla har wata shida. Sai wajen shekara uku cikin yaro yake zama irin na manya.

Shi ya sa kuma muke cewa kada a ba jariri zuma kafin ya cika shekara. Zuma abu ne mai albarka, amma takan ɗauko ƙwanson wata bakteriya mai dafi. Babba ya sha ba abin da zai same shi, cikinsa a cike yake, ba wurin da za ta tsira. Na jariri fili ne.

Roƙona ga iyaye mata shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis ba tare da an ga likita ba. Yaro ya yi mura, a sayo masa. Mura yawanci ba ta jin wannan magani, amma mazauna cikinsa suna ji, yana share nagari da mugu tare. Akwai wata mai suna Clostridioides difficile da ke samun dama daidai lokacin da aka share sauran, ta kawo gudawa mai tsanani. A 2013 likitoci a Amsterdam suka nuna cewa dasa wa irin wannan mara lafiya halittun hanjin mai lafiya ya fi maganin da aka saba bayarwa aiki nesa ba kusa ba. Dakta, ka ga ruwan tumbinka ya iso asibitin mutane.

Hajiya ta Kwarbai:
Maganar zuma ta yi mini nauyi, Anti, don mun ba namu kuma sun rayu. Amma na ji dalilin, zan gaya wa surukata ta jira.

Anti Nas, Wusasa:
Hajiya, yawanci ba abin da ke faruwa, gaskiyarki. Amma wanda abin ya faɗa wa yana da wuyar ceto, jiran kuma ba ya cin komai. Kuma tunda ana yabon nono a sama, a riƙa dafa madara kafin a tsamar. Tsami ba ya kashe duk cututtukan da ke zuwa daga shanu, Dakta ya fi ni sani.

Likitan Dabbobi, Shika:
Haka ne, tarin fuka na shanu da cutar ɓari duk suna bin ɗanyar madara. A dafa, a bari ta huce, sannan a ɗiga na jiya.

Malam na Gyallesu:
To abincin da babba yake ci fa, yana sauya mazauna cikinsa ko an riga an gama tun yana yaro?

Ɗan Samaru:
Yana sauyawa, Malam. A 2010 an kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso, Boulpon, da yaran birnin Florence na Italiya. Abincin yaran ƙauyen kusan irin namu ne na gargajiya, gero da dawa da wake da ganye. An samu cikinsu cike da bakteriyar Prevotella da danginta masu narkar da dusar hatsi, waɗanda kusan babu su a cikin yaran Italiya. Ni abin da ke damuna shi ne yaranmu na cikin gari da suka bar tuwon dawa da kunu suka koma taliyar leda da lemon kwalba safe da yamma. Abin da ka daina ciyarwa a cikinka zai ragu.

Manomi daga Giwa:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai amma na ga wannan a gona. Malaman gona sun kawo mana wani abu Aflasafe, dawa ce da aka shafa wa funfuna, ana watsa kilo 10 a hekta, sati biyu zuwa uku kafin masara ta yi fure. Da farko mun ƙi, muka ce yaya za a ce mu watsa funfuna a gonar da muke tsoron funfuna. Suka ce iri ɗaya ce da mai sa dafi a masara da gyaɗa, sai dai wannan ba ta da dafin, kuma in ta riga kama gona, mai dafin ba ta samun wuri. Suka ja kunnenmu a kan lokaci, in ka makara ka yi asarar kuɗinka. Yanzu da na karanta maganar Dakta ta wanda ya riga zuwa, na gane abin da ya sa suka dage a kan kwanakin. Haka kuma in ka tuge gyaɗa ko waken suya za ka ga ƙulle-ƙulle a saiwa, in ka fasa mai kyau cikinsa ja-ja ne. Sun ce halittu ne a ciki suke ba shuka taki daga iska, shi ya sa masarar da ta biyo bayan waken suya take yin kyau.

Ɗan Samaru:
Anti Maman Sadiƙ, ga shawara, in kalwa ta samu. Ki dafa tukunya ɗaya ki raba uku. Kashi ɗaya a kwandon Inna. Na biyu a sabon kwando. Na uku a sabon kwando, amma ki marmasa ɗan busasshiyar daddawa mai kyau ki barbaɗa. Ki tsane ruwan sosai, ki juye da sauran zafi, ki rufe su iri ɗaya a lungu ɗaya. Kada ki wanke na Inna da sabulu, ki kakkaɓe ƙurar ki shanya shi a rana ya isa.

Maman Sadiƙ, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ku gafarce ni na yi kwana tara shiru, sai da na samu kalwa. Na yi yadda aka ce. Daddawar da na barbaɗa a na uku wajen gwaggo na karɓo, ban gaya mata dalili ba.

Daren kwana na biyu na sa hannu ƙarƙashin buhun. Kwandon Inna ya yi ɗumi kamar jikin yaro mai zazzaɓi, na ukun ma haka, sabon kwandon da ba a sa wa komai ba kuwa ɗuminsa kaɗan ne. Da safiyar kwana na uku na ɗaga ganyen na Inna, kalwar ta yi duhu, na ɗebo da yatsa sai ga zare yana bin hannuna. Warin da ya taso shi ne warin ɗakin girkinmu ina yarinya. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata, Sadiƙ yana ta tambayata ko na ƙone ne.

Na ukun ya nuna a ranar shi ma. Na biyun sai da ya ƙara kwana, ya yi dai, amma danƙonsa bai kai ba, kuma gefe ɗaya da ya fi kusa da ƙofa ya bushe na cire na zubar.

Na daka kowanne daban, na shanya, na kai wa gwaggo ba tare da na faɗa mata wanne ne wanne ba. Ta shinshina, ta ɗanɗana. Ta ture na biyu gefe. Ta ɗaga na uku ta ce wannan kamar nata. Ta riƙe na farko ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce ya kusa, amma na yayarta ya fi wannan zaƙi a miya, akwai abin da ya rage.

Hajiya ta Kwarbai:
Alhamdulillahi. Ganyen me kika shimfiɗa? Kuma Inna tana sa kanwa a dahuwa ta biyu ko ba ta sa?

Maman Sadiƙ, Tudun Wada:
Ganyen gwanda na samu, Hajiya. Ita kuwa wani ganye take sa yara su tsinko mata a bayan ganuwa, na manta sunansa, amma in na gan shi zan gane. Kanwa kuma ina jin tana ɗan jefawa, ban tabbata a wace dahuwar ba. Gobe in Allah ya kai mu zan je cikin birni wajen ƙawarta da suka yi sana'ar tare, tana nan da ranta, in tambaye ta duka biyun.

Likitan Dabbobi, Shika:
In kin je ki roƙe ta ta nuna miki lungun da take ajiye nata, ki sa hannu ki ji ɗuminsa. Kuma sabon kwandon nan na uku kada ki wanke shi.